Gyaran Hannu a Wasan Petank

Petank wasa ne na jifa da ƙwallon ƙarfe. Ɗan wasa yana tsayawa cikin wata 'yar da'ira da aka zana a ƙasa, ƙafafunsa biyu a kafe, ya jefa ƙwallonsa domin ya je kusa da wani ɗan mitsitsin ƙwallon itace da ake kira bushon, wanda aka riga aka wurga tsakanin mita 6 zuwa 10 daga inda yake. Wanda ƙwallonsa ya fi kusa da bushon, shi ke da maki. A biranen Nijar, irin su Yamai da Maraɗi da Damagaram, wasa ne da ido ya saba gani bayan la'asar, a gindin bishiya ko a filin da ba a gina ba, manya da samari a haɗe. A Dutse da garuruwan da ke kewaye da ita, Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu, sunansa bai kai na ƙwallon ƙafa ko na sunuka ba, duk da cewa Jigawa ta yi iyaka da jihar Damagaram, kuma mutanen ɓangarorin biyu suna cuɗanya kowace Alhamis a kasuwar Maigatari.

Asalin wasan kudancin Faransa ne, a wani garin bakin teku mai suna La Ciotat, kusa da Marseille. A yankin akwai wani tsohon wasan ƙwallon da mai harbi sai ya yi taku uku da gudu kafin ya saki abin da ke hannunsa. A 1907 ciwon gaɓɓai ya hana wani gwanin wasan, Jules Lenoir, yin wannan gudu, sai abokansa suka rage tsawon fili, suka amince kowa ya yi jifa a tsaye wuri guda. A 1910 aka shirya gasar farko a garin. An kafa hukumar wasan ta duniya a Marseille a 1958, aka yi gasar duniya ta farko a garin Spa na Beljiyam a 1959. Zaman Faransawa a Afirka ne ya kawo shi nahiyar, kuma 'yan Afirka ba su tsaya a matsayin 'yan kallo ba. Tunisiya da Maroko kowacce ta ɗauki kofin duniya fiye da sau ɗaya. A 2016, a Antananarivo, wasan ƙarshe tsakanin ƙasashen Afirka biyu aka yi, Madagaska ta doke Benin. A watan Satumba na 2023 kuma Kwatano ce ta karɓi baƙuncin gasar duniya.

Wannan asali shi ya ba wasan halinsa. Tun da an cire gudu, an kafe ƙafa, ƙarfin jiki ya daina zama abin taƙama. Dattijo ɗan shekara sittin yana iya kayar da saurayi majiyi ƙarfi, kuma hakan ba abin mamaki ba ne a wajen masu wasan. Abin da ya rage shi ne hannu, da iya maimaita motsi guda ba tare da ya sauya ba.

Dokokin ba su da yawa. Ƙwallon gasa na ƙarfe ne, nauyinsa daga giram 650 zuwa 800, faɗinsa daga milimita 70.5 zuwa 80. Bushon faɗinsa milimita 30 ne. Da'irar da ake tsayawa ba ta wuce santimita 50 ba, kuma ba a ɗaga ƙafa daga ƙasa sai ƙwallo ya sauka. Ana yi mutum ɗaya da ɗaya, ko biyu da biyu, kowa da ƙwallo uku, ko uku da uku, kowa da ƙwallo biyu. Ɓangaren da ƙwallonsa ba shi ne mafi kusa ba shi ke ci gaba da jifa har ya ƙwace kusanci ko ƙwallayensa su ƙare. A ƙarshen turmi, wato idan ƙwallayen kowa sun ƙare, ɓangaren da ya fi kusa yana samun maki ɗaya a kan kowane ƙwallonsa da ya fi mafi kyawun na abokan karawa kusa da bushon. Wanda ya fara kai maki 13 ya ci wasa.

Gyaran hannu daga riƙo yake farawa. Sabon shiga, idan aka miƙa masa ƙwallo, tafin hannunsa sama yake kallo, ya mirgina shi a haka. Masu wasa suna kifa hannu ne, bayan hannu yana sama, ƙwallo yana kwance a lanƙwasar yatsu huɗu da aka haɗe su wuri ɗaya. Babban yatsa yana gefe, ba ya matsewa. Dalilin wannan riƙo a bayyane yake: idan hannu ya buɗe, ƙwallo yana zamewa ta kan yatsu, ya fita yana juyawa baya, kuma wannan juyin baya shi ke taka masa birki idan ya taɓa ƙasa. Ƙwallon da aka jefa da tafi a sama, gaba yake juyawa, ya yi ta gudu ba mai iya cewa ga inda zai tsaya. Babban yatsa kuwa, idan ya shiga cikin riƙon, shi ke zama na ƙarshe da ya rabu da ƙarfen, ya ture shi gefe. Da yawa daga cikin masu kukan cewa jifarsu tana karkata hagu ko dama, a nan matsalarsu take, kuma ba su sani ba.

Sai tsayuwa. Mai jifa da dama yakan ɗan gabatar da ƙafar dama, ya nufi inda yake so da ita, ya sassauta gwiwa. Ɗaya hannun yana baya ko gefe domin ya riƙe daidaiton jiki. Idan nisan kaɗan ne kuma ƙasa a shimfiɗe take, da yawa sukan tsuguna, saboda daga ƙasa ake ganin gangara da tudun da mai tsaye ba ya gani. Idan nisan ya kai mita 9 ko 10, tsayuwa ta fi, domin hannu yana buƙatar wurin zuwa baya. Hannun da kansa yana tafiya ne kamar lilo, daga kafaɗa, gwiwar hannu a miƙe, ya je baya ya dawo gaba a kan layi ɗaya, yana gogar gefen cinya. Nisa daga zurfin komawa baya yake zuwa, ba daga fizga ba. Bayan an saki ƙwallo, hannu yana ci gaba da tafiya har ya tsaya yana nuna inda aka nufa.

Ƙaramin lissafi yana nuna dalilin wannan tsanani. Idan hannu ya kauce daga layi da digiri ɗaya kacal, a nisan mita 8 ƙwallo zai sauka kimanin santimita 14 daga inda aka so. Santimita 14 ya kusa faɗin ƙwallo biyu. Karkacewar digiri ɗaya kuwa mai jifa ba ya jin ta a jikinsa ko kaɗan. A ransa, jifar da ta kauce da wadda ta dace iri ɗaya ya yi su.

Aiki biyu ne a wasan, ajiya da harbi. Mai ajiya shi ne wanda ke kai ƙwallo kusa da bushon. Yana da hanya uku. Ko ya sauke ƙwallon kusa da ƙafarsa ya bar shi ya mirgina duk tsawon fili, ko ya ɗaga shi ya sauka a wajen rabin hanya ya ƙarasa da mirgina, ko ya cilla shi sama sosai ya faɗo kusa da bushon da juyin baya mai ƙarfi, ya tsaya kusan inda ya faɗi. Ta ukun ita ce mafi wuya, kuma ita ce ke raba gwani da mai koyo. A duk ukun, idon gwani ba a kan bushon yake ba lokacin jifa. Yana kan masaukin da ya zaɓa, wato ɗan wurin da yake so ƙwallo ya fara taɓa ƙasa, wanda bai wuce faɗin tafin hannu ba. Shi ya sa ake ganin mai ajiya yana fita daga da'ira, ya taka zuwa tsakiyar fili, ya sunkuya yana duban ƙasa kafin ya dawo ya yi jifa. Doka ta ba shi minti ɗaya domin wannan nazari da jifar baki ɗaya.

Ƙasar da ake wasa a kai ita ke zaɓar hanyar da za a bi, kuma yankin Dutse yana da kusan kowace iri. A jigawa mai yashi, ƙwallo yana nutsewa inda ya sauka, mirginawa ba ta kai ko'ina, dole a ɗaga shi a kai shi kusa. A fako, ƙasa mai tauri da ta sha taku, akasin haka ne: ƙwallon da aka cilla sama yana tsalle ya wuce, sai a sauke shi da wuri a bar shi ya tafi da ƙafarsa. A gindin duwatsun garin, inda tsakuwa ta yi yawa, ƙwayar dutse ɗaya tana iya karkatar da jifa mai kyau, don haka zaɓen masauki mai tsabta ya fi komai. Fili ɗaya ma yana sauya hali da lokaci. Da damina ƙasa tana laushi tana riƙe ƙwallo, da hunturu ta bushe ta yi gudu. Doka ta hana share fili ko kawar da tsakuwa ana cikin wasa. Abin da aka yarda kawai shi ne a cike rami ɗaya da wani ƙwallo ya yi. Mai koyon da ya saba da fili ɗaya tak, ranar da aka kai shi wata unguwa sai ya koma kamar bai taɓa riƙe ƙwallo ba, saboda filin ya haddace, bai koyi karanta ƙasa ba.

Maharbi aikinsa ya kori ƙwallon abokin karawa da ya yi kusa. Yana iya sharo ƙwallonsa ta ƙasa da ƙarfi, yana iya sauke shi ɗan gaban abin harbi ya ƙarasa, yana kuma iya buga ƙarfe da ƙarfe kai tsaye ba tare da ya taɓa ƙasa ba. Sharowa ta ƙasa ita ce mafi sauƙi, kuma ita ce ke yaudarar sababbi, domin tana ci a fili mai santsi amma ba ta da amfani a tsakuwa ko idan akwai wani ƙwallo a gaba. Bugun ƙarfe da ƙarfe shi ya cancanci a ɓata lokaci a kansa. Idan ya dace sosai, ƙwallon da aka harba yana fita, na maharbin ya zauna daram a gurbinsa. Ba tsafi ba ne: abubuwa biyu masu nauyi kusan ɗaya idan suka yi karo a tsakiya, mai tafiya yana miƙa wa na tsaye gudunsa, shi ya tsaya. Harbi mai kyau ba ya buƙatar ƙarfi. Baka yake buƙata, wato ƙwallo ya tashi ya sauko daga sama kaɗan. Kuskuren da ya fi yawa shi ne gajarta, kuma sanadinsa sakin ƙwallo da wuri ko tsayar da hannu nan take bayan saki.

Duk wannan bayani mutum yana iya haddace shi a yini ɗaya. Hannu kuwa ba ya haddace magana, maimaici kawai ya sani. A nan ne ake samun bambanci tsakanin wasa da atisaye, bambancin da masu wasa da yawa ba sa yi. A wasan uku da uku, mutum ƙwallo biyu yake jefawa a turmi, sannan ya tsaya jira. Idan wasa ya ɗauki turmi goma, jifa ashirin ke nan a cikin kusan awa guda, kuma babu biyu da suka yi kama da juna. Wanda ya keɓe rabin awa shi kaɗai yana iya yin jifa sittin ko fiye, a kan abu ɗaya da yake son gyarawa. Wanda ya yi shekara biyar yana wasa kullum ba tare da atisaye ba, sau da yawa matsayinsa na shekarar farko yake maimaitawa.

Atisayen ajiya mafi amfani ba ya buƙatar bushon. Ana zana 'yar da'ira a ƙasa, a nisan mita 3 ko 4, a yi ta ƙoƙarin sauke ƙwallo a cikinta, ba tare da damuwa da inda zai ƙare ba. Idan saukar ta fara zama, sai a lura da nisan da ƙwallo ke mirginawa bayan ya sauka, a gane alaƙar tsayin jifa da tsawon gudu. Na harbi kuma ana farawa kusa, mita 4 ko 5, inda hannu zai iya yin motsin daidai ba tare da yunƙuri ba, sannan a riƙa ja baya. Sanya wani ƙwallo ko guntun itace a gaban abin harbi yana tilasta wa hannu ɗaga jifa, ya raba shi da sharo ta ƙasa.

Akwai tarko a cikin maimaici. Tsayawa a nisa ɗaya ana jifa hamsin yana sa mutum ya ji ya ƙware, domin kowace jifa tana gyara ta bayanta. Amma a wasa ba a ba mutum jifar gwaji. A 1978 wasu masu bincike biyu a Kanada, Kerr da Booth, sun sa yara jifan 'yan jakunkunan wake zuwa wata alama a ƙasa. Rukuni ɗaya ya yi ta atisaye daga nisan ƙafa 3. Ɗaya rukunin bai taɓa tsayawa a ƙafa 3 ba, ƙafa 2 da ƙafa 4 ya riƙa sauyawa. Da aka zo gwajin ƙarshe a ƙafa 3, masu sauya nisa ne suka fi dacewa. Darasin ga ɗan petank shi ne, da zarar motsi ya zauna, a daina jifa biyu a jere daga nisa ɗaya: mita 6, sai 9, sai 7, sai 10. Dacewa za ta ragu a lokacin atisayen, ran mutum ya ɗan ɓaci, amma abin da aka koya a haka shi ke bin mutum zuwa fili. Ido ma yana da nasa horo. Joan Vickers ta Jami'ar Calgary ta nuna a 1996, a kan 'yan ƙwallon kwando, cewa gwanaye suna kafe ido a wuri ɗaya na ɗan lokaci mai tsawo kafin su fara motsi, fiye da waɗanda ba su kai su ba. Mai jifar da idonsa ke yawo tsakanin bushon da masauki da 'yan kallo ya riga ya raba hankalin hannunsa.

Sai dai atisaye shi kaɗai yana da iyaka, kuma iyakar ita ce waccan digiri ɗaya da jiki ba ya ji. Mai jifa yana ganin inda ƙwallo ya faɗi, ba ya ganin abin da hannunsa ya yi. Idan kafaɗarsa tana juyawa lokacin saki, zai ga jifa tana tafiya hagu, sai ya fara nufar dama kaɗan domin ya rama. Jifar za ta daidaita na ɗan lokaci, amma yanzu kuskure biyu yake ɗauke da su, ɗaya yana rufe ɗaya, kuma ranar da gajiya ko fargaba ta zo, duka biyun za su fito. Maimaici ba ya tantance daidai da kuskure, duk abin da aka ba shi dasawa yake. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, shi ya sa watannin farko suka fi kowane lokaci buƙatar idon wani.

A yawancin filayen unguwa babu koci. Abokan wasa ne makaranta, kuma makaranta ce mai kyau idan an san yadda ake amfani da ita. Mai dubawa wuri biyu yake tsayawa. Daga bayan mai jifa ana ganin layi: ko hannu yana fita daga jiki, ko yana gittawa gaban ƙirji, ko wuyan hannu yana murɗawa. Daga gefe ana ganin lokaci: zurfin komawa baya, inda aka saki ƙwallo, ko jiki yana faɗawa gaba, ko diddige yana tashi. Wanda ya tsaya kusa da bushon yana kallon sakamako ba abin da zai faɗa sai abin da mai jifa ya riga ya gani da idonsa. Kuma jifa ɗaya ba ta isa hujja ba. Sai an kalli goma, an ga abin da ke dawowa, sannan a yi magana.

Maganar ma tana da ƙa'ida. Gyara ɗaya ake bayarwa a lokaci ɗaya. Wanda aka ce masa ya gyara yatsa, ya gyara ƙafa, ya ɗaga kai, ya sassauta kafaɗa duk a numfashi ɗaya, jifarsa ta gaba ta fi ta baya muni. Gyaran da ke nuna abin da za a yi ya fi wanda ke ambaton abin da za a bari: "bar hannunka ya bi ƙwallon har ya nuna masauki" ya fi "daina fizga" aiki, domin na farko ya ba hannu wurin zuwa. Yawan magana ma illa ne. A 1990 Carolee Winstein da Richard Schmidt, a Amurka, sun gwada masu koyon wani motsin hannu: waɗanda aka riƙa gaya wa sakamako bayan kowane gwaji, da waɗanda aka gaya wa a rabin gwaje-gwajen kawai, ana rage musu a hankali. Da aka dawo gwaji daga baya, na biyun ne suka fi riƙe abin da suka koya. Wanda ake gyara wa kowace jifa yana jingina da bakin mai gyara, ba ya koyon jin kuskurensa da kansa. Aboki nagari yakan yi shiru jifa huɗu ko biyar, kuma kafin ya faɗi nasa yakan tambaya: "Kai me ka ji a wannan?"

Lokaci ma abin lura ne. Tsakiyar wasa ba wurin gyaran riƙo ba ne. Abin da abokin wasa zai bayar a lokacin shi ne labarin ƙasa da shawarar dabara: ga gangara ta nan, ga masauki mai kyau, a ajiye ko a harba. Doka ma ta yarda abokan mai jifa su tsaya tsakanin da'ira da bushon su nuna masa wuri, abokan karawa kuwa dole su ja gefe aƙalla mita 2, su yi shiru, su daina motsi. Gyaran hannu sai an tashi, ko washegari kafin a fara.

A ƙasar Hausa akwai wani abu da ke shiga tsakani, wato girma. Saurayi yana iya ganin kuskuren dattijo sarai, amma ba zai buɗe baki a gaban jama'a ya ce "Baba, hannunka yana karkata" ba, kuma daidai ne kada ya yi. Hanyar da ta dace ita ce ya jira su keɓe, ya sa abin a siffar tambaya, ko ya ce "Alhaji, dubo mini nawa hannun, ina jin yana gittawa," maganar ta buɗe daga nan. Nauyin ya fi yawa a wuyan babba: idan shi ya fara cewa "Ɗana, tsaya bayana ka duba mini," ya ba kowa izini. Filin da manyansa ba sa neman gyara, ƙananansa ma ba sa samu, domin kowa yana tsare mutuncinsa. Haka kuma dariya ga sabon shiga tana korar mutane fiye da wahalar wasan.

Ba kowace shawara ce abin ɗauka ba. Gwani ba lallai ya iya bayyana abin da yake yi ba, kuma sau da yawa abin da yake faɗa dabam ne da abin da hannunsa ke yi, don haka kallonsa ya fi tambayarsa amfani. Wani kuma salon da ya dace da tsawonsa da faɗin hannunsa yake son ɗora wa kowa. Ko a cikin zakarun duniya babu biyu da jifarsu ta zama iri ɗaya. Abin da suka haɗu a kai shi ne layi madaidaici da saki mai tsabta. Mai koyo zai fi cin riba idan ya zaɓi mutum ɗaya ko biyu da ya yarda da idonsu, ya ba kowace shawara mako biyu ko uku na gwaji, domin sabon gyara yakan fara lalata jifa kafin ya inganta ta. Wayar hannu ta sauƙaƙa wannan aiki: aboki ya ɗauki bidiyo daga baya da kuma daga gefe, a kalla a hankali tare. Gardamar da baki ya kasa kashewa, hoto yana kashe ta a minti ɗaya.

Hanyar sanin ko gyara ya yi amfani ita ce ƙidaya, domin zuciya jifa mai kyau take tunawa ta manta da sauran. Gasar harbin dacewa, wadda aka shigar cikin gasar duniya a shekarar 2000, kuma Bafaranshe Philippe Quintais ya lashe ta sau huɗu a jere, ta ba da ma'auni da kowa zai iya aro. Ana jera abin harbi iri biyar, a harbi kowanne daga mita 6, 7, 8 da 9, jifa 20 ke nan, kowacce makinta mafi yawa 5, jimla 100. Wanda ya tara rabin wannan ko a gasar duniya ya yi rawar gani. Abokai biyu suna iya yin sauƙaƙƙen irinsa sau ɗaya a mako, ɗaya yana jifa ɗaya yana rubutawa, har da ɓangaren da kuskure ya faɗa: gajere, dogo, hagu ko dama. Bayan wata guda takardar za ta nuna abin da ba wanda ya lura da shi.

Zaɓen ƙwallo ma wurin abokai ake koyonsa, ta hanyar aron nasu kafin a sayi na kai. Faɗin ƙwallo da girman hannu yake tafiya: wanda ya yi girma yana kuɓucewa, wanda ya yi ƙanƙanta yana maƙalewa a yatsu. Masu ajiya sukan so mai ɗan nauyi, mai tauri, mai zane a jiki domin ya kama ƙasa. Maharba sukan so mai ɗan sauƙi, marar zane, mai taushin ƙarfe domin kada ya yi tsalle bayan karo. Ƙwallon gasa yana ɗauke da tambarin maƙerinsa da nauyinsa a jiki, kuma haramun ne a cusa masa yashi ko dalma.

Abin da ake buƙata domin kafa fili a Dutse ko Kiyawa bai taka kara ya karya ba. Filin manyan gasa mita 15 ne a tsawo, 4 a faɗi, na ƙananan gasa kuma 12 da 3 ya isa. Ba a buƙatar siminti ko ciyawa, ƙasa mai ɗan tauri da aka watsa wa tsakuwa ƙanana ita ce mafi kyau. Inuwa tana da muhimmanci, domin da bazara ƙarfen da ya daɗe a rana ba ya riƙuwa. A sa katako ko tsofaffin tayoyi a ƙarshen fili su tare ƙwallon da aka harba, a kuma nisanta shi daga hanyar yara da ababen hawa, saboda dunƙulen ƙarfe mai giram 700 yana karya ƙashi. Kuɗi kuwa kada su shiga. Ban da haramcin caca a addini da dokar jiha, tana kashe abin da ke sa hannu ya gyaru, domin wanda ya sa kuɗi a kan wasa ba zai gaya wa abokin karawarsa inda jifarsa take karkata ba.